Muhawara: Wa ya fara isa duniyar Zuhura?

Injiniya: Abin da ke ƙona mini rai shi ne, duk lokacin da aka tayar da zancen binciken sararin samaniya sai a yi ta kambama Amurka, alhali Rasha ce ta fara isa wata duniya. Kumbonta maras matuƙi, Venera 3, ya isa Zuhura tun a watan Maris na 1966, amma babu mai tunawa da shi.

Baban Amira: Injiniya, kalmar "isa" ɗin nan tana buƙatar gyara. Venera 3 ya daina aiko da saƙo tun yana hanya, daga baya ya rikito a kan Zuhura. Ɗan aiken da ya rasu a hanya aka kai gawarsa, shin ya isar da saƙo? Mariner 2 na Amurka kuwa ya gitta ta kusa da ita a Disambar 1962, ya aiko da shaidar tsananin zafinta.

Injiniya: Yaya, gittawa ba isa ba ce. Wanda ya wuce ta bayan gari da tazarar kilomita fiye da 30,000 ba zai ce ya shiga garin ba.

Malama: Ku gafarce ni, amma babu ƙasa mai suna Rasha a wannan aiki, Tarayyar Sobiyet ce, kuma jagoran shirin na farko, Sergei Korolev, a Yukiren aka haife shi.

Injiniya: Malama, kowa ya gane abin da nake nufi. In sauka lafiya kuke so, Venera 7 ya sauka a Disambar 1970, ya yi minti 23 yana aiko da saƙo cikin zafin da ke narkar da dalma.

Baban Amira: Ashe ka bar 1966 ke nan, ka koma 1970.

Shugaban Zaure: A taƙaice, an tabbatar cewa Mariner 2 ne ya fara isa, domin kumbon da bai yi magana ba bai je ko'ina ba. Injiniya ma ya amince da haka.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a wane layi na amince?