An tura ƙanwata Oyo bautar ƙasa, ga aure an sa rana

Yayan Hafsa: Salamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Ƙanwata ta gama digirin lissafi a Jami'ar Ɗanfodiyo, takardar kiranta ta fito, an jefa ta Oyo, sansanin Iseyin. Tun rasuwar Baba ni nake riƙe da karatunta. Matsalar ita ce an sa ranar aurenta bayan Babbar Salla, kuma Baffanmu ya ce ba inda za ta, a yi aure, takarda ta jira. Ita kuwa tana son zuwa. Tambayata biyu: in aka matso da ɗaurin auren, za a iya dawo da ita Sakkwato? Sannan alawus ɗin dubu 77 ɗin nan da ake ba masu bautar ƙasa duk wata yana isar yarinya ita kaɗai a can, ko sai na riƙa ciko?

Basakkwace: Allah shi sanya albarka. Wanda ya ilimantar da ɗiya mace al'umma gaba ɗai ya ilimantar. Ku dage.

Tsohon Kofa: Mu da muka yi a 19,800 fa? A 2013 na yi nawa a Ebonyi, ina karɓa in sayi buhun shinkafa in dawo da canji. Yaran yanzu ana ba su 77,000 suna kuka. Gowon da ya kafa abin a 1973 ba don a tara kuɗi ya yi ba, don a san juna ne bayan yaƙin basasa.

Ummu Sultan: Malam, je ka Tsohuwar Kasuwa da dubu 77 yau ka dawo mana da labari. Kai namiji ne, ko a masallaci ka kwana. Mace sai ta kama ɗaki mai ƙofa da makulli.

Maman Walid: Yayan Hafsa, ka karanta nawa da kyau don Allah. Ni aka matso da aurena saboda wannan dalilin. An dawo da ni gida, na yi mako uku a sansanin Wamakko, aka tura ni koyarwa wata sakandaren 'yan mata. Lokacin ana biyan 33,000. Watan farko mijina ya ce in kawo katin banki ya ciro mini, kada in sha layi da rana. Daga ranar katin ya koma cikin walat ɗinsa, bayan katin zaɓensa, ina ganin gefensa in ya buɗe zai ba da kuɗin cefane. Alat ya shigo wayata, kafin la'asar wani alat ɗin ya biyo na cirewa. Kuɗin Keke Napep zuwa makaranta sai na roƙa. Ranar da na karɓo takardar gamawa ya ce to an yi boko an gama, matarsa ba za ta fita aiki ba. A gaban mahaifina kuwa ya yi alkawarin zai bar ni, amma da baki, ba wanda ya rubuta. Mahaifina gona ya jinginar ya biya mini rajistar shekarar ƙarshe. Yanzu ina gidanmu da yara uku, takardun suna ƙasan akwati cikin leda, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi ana ba ni abin da ko kunyar faɗa nake ji. Duk da haka da shi nake sayen omo da littattafan yara. Da ban yi karatun ba ban san ina zan sa kaina ba.

Ummu Sultan: Innalillahi. Allah ya saka miki, 'yar uwa.

Ɗan Kara: Allah shi kyauta. Amma Hajiya, mun ji naki ba mu ji nashi ba. Ba dut maza ne haka ba. Ni tawa matar da ta yi, sisinta ban taɓa ba, har zobe ta saya da kuɗɗinta.

Maman Walid: Ban ce duk maza ba. Na ce a rubuta sharaɗi a gaban waliyyai, kuma katinta ya zauna a hannunta. In mutumin kirki ne rubutu ba zai dame shi ba.

Malam Na Gidan Igwai: A shari'a dai dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta ba shi da daɗin rai, kuma ciyarwa tana kansa ko da ta fi shi samu. Mu a garin nan bai kamata a ma tsaya gardamar karatun mata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata, 'Yan Taru ke nan. Sai dai batun tafiyar budurwa har Oyo ba muharrami, wannan Baffanku yana da abin dubawa.

Sarkin Zolaya: Ku bar ta ta tafi, in ta dawo ta koya mana tuƙa amala. Ni dai a neman mini mai kakin bautar ƙasa, na yi alkawari katin zai zauna a hannunta, lambar sirrin kawai nake so.

Ɗan Kara: Kai tuzuru mi ka sani ga wagga magana? Ka yi aure tukuna.

Sarkin Zolaya: Kai ma da ka yi, albasa ka sani.

Anti Nas: Ba wanda ya amsa wa bawan Allah tambayarsa. Matar aure tana da damar a mayar da ita jihar mijinta. Ana neman takardar shaidar aure, sanarwar canjin suna a jarida, katin shaidar mijin, da shaidar inda yake zaune. Ya fi sauƙi in tun wajen rajista aka saka su. Tunda takarda ta riga ta fito, sai ta nemi sauyin wuri. Amma ku lura, biki bayan Salla ba ya cikin lissafi, sai an ɗaura da gaske akwai takarda.

Abu Yasir: Ba sai an wahala ba. Ni dubu 60 na ba wani, ya dawo mini da 'yata daga kudu, ba aure ba komai.

Ummu Sultan: Dubu 60 a wace shekara? Maƙwabciyata 150 aka ce ta kawo, ta bayar, har yau lambar mutumin a kashe.

Anti Nas: Neman sauyin wuri kyauta ne. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi, kun ga dai abin da ya sami maƙwabciyar Ummu Sultan.

Tsohon Kofa: Kuma kada ku bari takarda ta jira, tana kai shekara 30 shi ke nan an rufe mata.

Anti Nas: A'a. Shekarun da mutum yake da su ranar da ya gama makaranta ake dubawa. Abin tsoron ba shekaru ba ne, ciki da goyo ne, da miji da zai ce an wuce wurin.

Yayan Hafsa: Na gode ƙwarai. Maman Walid, na tura wa Innarmu labarinki, ta yi shiru. To kuɗin mota zuwa Ibadan fa, nawa ne yanzu?

Abu Yasir: Ka ware dubu 30.

Ɗan Kara: Talatin? Sai dai bisa tirelar albasa. Yarona ya tahi watan jiya, 45 anka amsa, ban da abinci bisa hanya.

Hajiya Mabera: Ni duk ba wannan ba. Kai Yayan Hafsa, ka gama biyan boko, yanzu kayan ɗaki na jiranka, ka lissafa kuwa? Shi ya sa iyaye suke cewa wanne za su ɗauka. Ni 'yata ta tara alawus ɗinta na shekara, muka je wajen kafinta, ko gado da katifa bai rufe ba.

Basakkwace: To wa ya aza muku? Ku mata ku kuka maida abin gasa. Da can gado ɗaya da kwalla an gama.

Hajiya Mabera: Dangin ango ne suke shigowa ranar jere suna ƙirga kujeru suna taɓa labule. Ku fara hana 'yan uwanku mata.

Ɗan Kara: Ku kuma ku rage akwatunan lehe. Saiti biyu anka nema gare ni, har da na uwa da uba.

Ummu Sultan: Lefe sau ɗaya ake yi. Gara fa? Buhun shinkafa, jarkar mai, alkaki, dubulan, duk a kan uban yarinya, wanda shi ne kuma ya biya kuɗin makaranta.

Sarkin Zolaya: In an kawo maganar gara a sa da ni, ina da ra'ayi.

Hajiya Mabera: Akwai wanda ya san kafinta mai sauƙi wajen Arkilla? Ƙaramar ma an fara zuwa tambaya.