Neman shawara: yadda zan haɗa ruwa da injin ƙanƙara na firji

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na sayo firji tokumbo mai ƙofa biyu a kasuwar Alaba, irin wanda yake yin ƙanƙara da kansa, amma mai shagon bai haɗo mini da bututun ruwansa ba. A bayansa, can ƙasa, akwai wani ɗan baki da aka toshe da roba, wanda nake kyautata zaton ta nan ruwa yake shiga. Gidan haya muke zaune, kuma ruwan burtsatse ake turawa cikin tankin da ke kan ƙarfe a tsakar gida. Ina so in ji ko zan iya janyo ruwan daga famfon kicin, da kuma irin bututun da ya dace, domin maiɗakina tana son a kammala aikin kafin azumi.

Mai aikin famfo, daga Orile:
Wa alaikumus salam, Malam. Siririn tiyo ne mai faɗin rubu'in inci, kuma ana samun na roba, da na jan ƙarfe, da wanda aka yi wa saƙar waya a jiki. Na ƙarshen nan na fi so, saboda ɓera ba ya iya cinsa kuma ba ya lanƙwashewa idan an tura firji jikin bango. Za ka samu a kasuwar Odunade da ke Coker. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke za a kwance layin ruwan sanyi, wanda galibi rabin inci ne, a sa mahaɗa mai baki uku tare da makunni na daban, yadda ko da tiyon ya fashe za ka rufe shi ba tare da ka hana kicin ruwa ba. Kada ka yarda wani ya huda maka bututun gida da maƙalar nan mai allura, domin yoyo ne ƙarshenta. A bar rarar tiyo kamar mita 2 a naɗe a bayan firjin saboda ranar shara ko gyara.

Mai gyaran firji, daga Idi-Araba:
Bayanin Malam na Orile daidai ne, sai dai ina jin ba a tiyo matsalarka za ta tsaya ba, a ƙarfin ruwa ne. Waɗannan firjin an ƙera su ne don gidajen da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi, kuma yawancin kamfanoni suna neman aƙalla psi 20 (psi ma'aunin ƙarfin ruwa ne), wasu ma 30. Kafin tanki ya ba da psi 20 da nauyin ruwa kawai, sai ya ɗara firjin tsawo da kimanin mita 14, alhali tankunanmu na tsakar gida da wuya su wuce mita 6, wanda ko psi 9 bai cika ba.

Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne, a yawancin injinan ana buɗe bawul ɗin ruwa na 'yan daƙiƙu ne kawai sannan ya rufe, ko mazubin ƙanƙarar ya cika ko bai cika ba. Idan ruwan ba shi da ƙarfi sai ka ga ƙanƙarar ta fito ƙanana, cikinta fanko, tana murmushewa a hannu. Wani lokaci bawul ɗin ba ya rufuwa sosai, sai ruwa ya riƙa ɗiga har ya daskare a bakin bututun ya toshe shi, mai gida kuma ya ɗauka injin ne ya mutu. Maganinsa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa mai kunna kansa idan an buɗe famfo. Ka kuma duba takardar da ke manne a jikin firjin, domin idan ɗan Amurka ne wutar 110 zuwa 120 yake ci, ba zai yi aiki da wutarmu ba sai da taransifoma.

Hajiya, daga Ajah:
Ɗana, ku maza kun tafi kan ƙarfe da tiyo, ni kuwa ruwan nake ji. A wajenmu ruwan burtsatse yakan fito fari tas, amma idan ya kwana a bokiti sai ya yi ja, ya bar tsatsa a gindi. Matatar da ke cikin firji wari da ɗanɗano take gyarawa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, daskarewa ma ba ta kashe su duka. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024 ba. In dai ruwan tankin nan ba shi kuke sha ba, to kada ku yi ƙanƙarar buɗa-baki da shi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na duba, wutar 220 zuwa 240 ce a rubuce. Hajiya, gaskiya ruwan gorar disfensa muke sha, na tanki sai wanka da wanki. Mai gidan kuma ya ce ba za a taɓa masa babban layi ba.

Mai gyaran firji:
To, Malam, ka ma huta da layin gidan baki ɗaya. Akwai ƙaramin famfon lantarki da aka yi musamman don gorar lita 19: ana zura sandarsa cikin gorar, tiyonsa na rubu'in inci ya tafi kai tsaye bayan firji, kuma yana tsayawa da kansa idan ruwa ya ƙare. Bayan an haɗa, ka sa busasshiyar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa ta kwana, da safe ka duba ko ta jiƙe. Ka ba shi awa 24 kafin ka sa ran ƙanƙara, ka zubar da zubi biyu ko uku na farko saboda ƙurar sabon tiyo. Idan gora ta ƙare ba ka da wata, ka kashe injin ƙanƙarar daga makunninsa, in kuma wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ka juye akwatin da ƙanƙarar ke taruwa kafin ta narke ta sake haɗewa dunƙule guda.