Neman shawara: CSS na aiki a shafin farko, amma ya ƙi hawa a shafukan da PHP ke haɗawa

Nura, Argungu:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa na wannan zaure. Taimako nake nema. Na haɗa wa kawuna mai sayar da shinkafa a nan Argungu shafin intanet da PHP (harshen da ke haɗa shafi a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet) da MySQL (ma'ajiyar bayanai), don masu saye daga Birnin Kebbi da Sakkwato su riƙa ganin farashin buhu kafin su kira shi. A kwamfutata, cikin XAMPP (manhajar da nake gwada shafin da ita a gida), komai lafiya lau. Da na ɗora shi kan saba sai na sa fayil ɗin .htaccess, mai ba saba dokokin adireshi, don adireshi ya gajarce, maimakon kaya.php?id=12 ya koma /kaya/12, tunda a WhatsApp Kawu zai riƙa tura shi. Yanzu shafin farko yana fitowa da launinsa da tsarinsa, amma duk shafin kaya da ka buɗe baƙin rubutu ne a kan fari, ko tambarin shagon ba ya fitowa. Dukkan shafukan fayil ɗaya suke janyowa, header.php, kuma a ciki na rubuta href="css/style.css", wato hanyar fayil ɗin CSS mai ba shafi launi da tsari. Kawu ya riga ya fara raba adireshin ga abokan cinikinsa, abin ya dame ni ƙwarai.

Sani, Jega:
Wa alaikumus salam. Duba sunan fayil ɗin da kyau. Windows bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma yawancin sabobin da muke haya Linux ne, a wurinsa Style.css daban, style.css daban. Sannan ka danna Ctrl da F5 tare, ko burawuza (manhajar buɗe shafi, irin su Chrome) ce ta riƙe tsohon abu.

Malama Hadiza, Birnin Kebbi:
Sani, shawararka tana da amfani, amma ba ita ce matsalar Nura ba. Da sunan ne ya saɓa, da shafin farkon ma bai yi ado ba, tunda fayil ɗaya suke kira. Nura, buɗe shafin kayan a Chrome, danna F12, shiga Network, ka sake loda shafin. Nemi layin style.css ka gaya mana lambar da ke gabansa da kuma cikakken adireshin da burawuza ta nema.

Nura, Argungu:
Na duba, Malama. Lambar 200 ce, mai nufin komai daidai, ba 404 mai nufin ba a samu ba. Ke nan fayil ɗin ya iso ko? Adireshin da ta nema shi ne /kaya/css/style.css.

Malama Hadiza, Birnin Kebbi:
To ga amsar nan ka rubuto da hannunka. Shin kana da folda mai suna kaya da css a cikinta? Ba ka da ita. Abin da ke faruwa shi ne, burawuza ba ta san inda header.php yake zaune a saba ba, ba ta ma san akwai shi ba. PHP yana gama aikinsa a can, ita dai HTML kawai take karɓa, kuma da adireshin da ke samanta take lissafi. Kamar mutum ya kwatanta maka gida ya ce "na uku daga nan", ai sai ka san inda yake tsaye. A shafin farko tana tsaye a tushe, sai css/style.css ya kai ta wurin da ya dace. A /kaya/12 kuwa tana ɗauka tana cikin folda mai suna kaya, sai ta nemi css ɗin a can. Tambarin ma abin da ya ɓatar da shi ke nan.

Ita kuma 200 ɗin nan kada ta ruɗe ka. Dokar da ka sa a .htaccess tana tura duk adireshin da babu fayil ɗinsa zuwa ga PHP, shi kuma ya mayar da shafin HTML ya ce komai daidai. Danna layin style.css ɗin ka duba Response, na tabbata HTML za ka gani, kuma Content-Type zai nuna text/html maimakon text/css. Burawuza ba ta yarda ta yi wa shafi ado da abin da aka ce mata HTML ne, shi ya sa ta yi watsi da shi. Ni wannan ya fi 404 wahalar da mutane, domin 404 da ja take fitowa kowa ya gani, wannan kuwa sai ka tona.

Maganin: sa alamar / a gaba, ya zama href="/css/style.css". Haka za ka yi wa hotuna da fayilolin JavaScript.

Sani, Jega:
Ko kuma ya yi amfani da __DIR__ na PHP, ai shi ma cikakkiyar hanya yake bayarwa.

Malam Bashir, Gusau:
A'a ƙanena, kada ya sa wannan a href. __DIR__ hanyar cikin saba yake bayarwa, irin /home/wane/public_html, wadda PHP ke buƙata idan zai yi include ko require, wato janyo wani fayil. Burawuza ba ta iya bin ta, kuma ka tona wa duniya yadda foldojinka suke. Hanyar fayil a saba daban, adireshin intanet daban. Na ga masu koyo da yawa sun tsaya a wannan gaɓar.

Nura, abin da Malama ta faɗa shi ne daidai, sai dai ka shirya wa abu ɗaya. Da ka sa / ɗin, na kan saba zai gyaru, na kwamfutarka kuma ya lalace, domin a XAMPP aikinka yana cikin folda ƙarƙashin htdocs, misali localhost/shago/, alhali / tana komawa localhost kanta. Don haka ka buɗe ɗan fayil config.php ka ajiye tushen a wuri ɗaya: a kwamfutarka define('TUSHE', '/shago/'), a saba define('TUSHE', '/'). Sai header.php ya riƙa rubuta TUSHE kafin css/style.css. Wasu suna sa base href a kan shafi don ya gaya wa burawuza tushen, yana aiki, amma ni ba na son shi, saboda duk mahaɗin da ya fara da # sai ya koma tushe maimakon ya tsaya a shafin da mutum yake.

Abu na biyu, don Allah ka gyara PHP ɗinka ya daina cewa 200 a kan abin da babu. Idan abin da ya biyo bayan /kaya/ ba lamba ba ne, ko babu kayan a MySQL, ka kira http_response_code(404) ka nuna saƙon ba a samu ba. In ba haka ba, Google zai iya ɗaukar adireshin banza a matsayin shafukan gaske.

Nura, Argungu:
Alhamdu lillahi, ya tashi. HTML ɗin ne kuwa a cikin Response kamar yadda Malama ta ce. Na yi config.php ɗin, yanzu gida da saba duk suna aiki, tambari ma ya dawo. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Saura tambaya ɗaya: na canja launin farashi zuwa kore, ina gani a kwamfuta, amma wayar Kawu tana nuna tsohon launi. Ba zan iya bin kowane mai saye in ce ya share ma'ajiyar burawuzarsa ba.

Malama Hadiza, Birnin Kebbi:
Amin, Nura. A nan ne maganar Sani ta shigo. Wayar ta ajiye tsohon style.css don ta rage cin data. Ƙara ?v=2 a ƙarshen sunan, ya zama style.css?v=2, duk lokacin da ka taɓa fayil ɗin ka ƙara lambar, burawuza za ta ɗauke shi sabon adireshi ta sake saukewa. In ba ka so ka riƙa tunawa, bari PHP ya sa lambar da kansa da filemtime, wanda ke bayar da lokacin da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe. A nan kam __DIR__ zai yi maka aiki, tunda PHP ne zai karanta fayil ɗin a cikin saba. Ka gwada a wayar Kawun ka sanar da mu.