Miƙa fansho ga kamfanoni: wa ke ɗaukar asarar?

Malam Isa: Assalamu alaikum. Ana ta kai ruwa rana kan batun cire fansho daga hannun gwamnati, a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a kamfani mai juya kuɗi. Masu goyon baya na cewa tsohon tsari ba zai ɗore ba. Don Allah masana, yaya ta kaya a ƙasashen da suka gwada?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Isa. A tsohon tsari, kuɗin da ake cira daga albashin masu aiki yau, shi ake biyan 'yan fansho yau. Ba a ajiye komai. Idan haihuwa ta ragu, tsofaffi suka ƙara tsawon rai, masu zubi sukan yi kaɗan. Nan masu goyon baya suna da gaskiya.

Amma ranar da aka karkatar da zubin zuwa asusun kowa, tsofaffin da ke karɓa ba su daina cin abinci ba. Dole gwamnati ta ci gaba da biyansu, kuma ta biya masu aiki haƙƙin shekarun da suka yi a baya, alhali kuɗin shiga ya yanke. Wannan giɓi yakan ɗauki shekara talatin ko fiye. Chile ta fara a 1981, ma'aikaci yana zuba kashi 10 na albashi, gwamnati kuwa ta cike giɓin da tsuke bakin aljihu da takardun bashi. Sojojin da ke mulkin Chile a lokacin, waɗanda suka kawo tsarin, ba su sa kansu ciki ba, abin lura ne. Ajantina ta bi sahu a 1994, ta dawo da kuɗin hannun gwamnati a 2008.

Malam Garba: Hajiya ta faɗi babbar matsalar. In ƙara da ladan kamfani. Kashi 1 a shekara kan abin da ke asusu kamar ba komai ba ne, amma cikin shekara 40 yana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a tara. Sai giɓin zubi: wanda ya rasa aiki, ko mai sana'ar hannu, ko matar da ta tsaya renon 'ya'ya, asusunsa tsayawa yake cak. Shi ya sa Chile ta ƙara fanshon tallafi daga baitulmali a 2008, duk da haka a 2016 mutane suka cika tituna kan ƙarancin abin da suke karɓa. Idan kuma kasuwar hannun jari ta faɗi ana saura shekara biyu mutum ya yi ritaya, shi kaɗai zai sha.

Malam Isa: Ke nan a bar shi hannun gwamnati kawai?

Hajiya Rabi: A'a, Malam, gwamnatin ma takan riƙe haƙƙin tsofaffi ko ta bari tsadar rayuwa ta cinye shi. Dubi Suwidin: cikin kashi 18.5 na albashi da ake zubawa, 16 na zuwa tsarin gwamnati, 2.5 kacal ke shiga kasuwa, wanda bai zaɓi kamfani ba kuma akwai asusun gwamnati mai rahusa da ke karɓarsa. Kafin ka goyi bayan kowace doka, nemi sashen da ya ƙayyade ladan kamfani, da wanda ya raba mai juya kuɗi da mai ajiyarsa, da wanda ya faɗi mafi ƙarancin fansho da wanda zai biya shi.