Zan bar kebul in koma dish, wane kaya zan saya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so in rabu da talabijin na kebul in koma na tauraron ɗan'adam. Biyan kuɗin wata ya ishe ni, kuma cikin tulin tashoshin da ake lissafa min 'yan kaɗan nake kallo. Talabijin biyu ne a gidan, ɗaya a falo ɗaya a ɗaki, wayar kamfanin kebul kuma tana nan a bango ta kai kowane ɗaki. Wace risiba ce mai kyau? Masu sani a taimaka don Allah.

Mai Saitin Dish: Wa alaikumus salam. Malam, ta ƙarshe ka faro. Ajiye maganar risiba tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta tashoshin da gidan ba zai zauna lafiya babu su ba, naka da na uwargida da na yara. Sai a duba wane tauraro ke ɗauke da su, kuma a buɗe suke ko a kulle. Tauraron shi zai faɗa maka girman dish, yawan talabijin ya faɗa maka irin LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban dish yana karɓar sigina, sannan a zo kan risiba. Shafin LyngSat yana jera tashoshin kowane tauraro da firikwensinsu. Ka kuma nemi taswirar yankin da siginar tauraron ke sauka. Nilesat yana digiri 7 yamma, Hotbird 13 gabas, Astra 19.2 gabas, Badr 26 gabas, amma kowanne da ɓangaren duniyar da aka auna shi. In gidanka ba ya cikin yankin, ko wace risiba ka saya babu abin da za ta nuna maka.

Ɗan Ƙwallo: Yaya, in akwai manyan gasannin ƙwallo a takardar taka, ka sani ba ka tsere wa kuɗin wata ba. A kulle suke, sai da kati. Kuma yawancin kamfanonin suna ɗaure katinsu da dikodarsu, ba ya aiki a wata. In haka ne ma ba ka da zaɓin risiba, abin da suka ba ka shi ke nan. Labarai, tashoshin addini, na yara da na wasu ƙasashe, waɗannan akwai su da yawa kyauta.

Sabon Shiga: Ƙwallo ba ta dame ni ba. Labarai ne da karatu da zanen yara. Wani ya ce min akwai akwatin da ke buɗe komai in an haɗa shi da intanet.

Kawu: Ɗana, rabu da wannan. Satar sigina ce, doka ta hana. Ko ka bar maganar doka, wanda ke ba ka lambar ba ka san shi ba, ranar da aka rufe shi hotonka ya tafi, ba ka da wanda za ka riƙe. Tunda tashoshin kyauta sun wadatar da kai, saya kaya na gaskiya ka huta.

Maman Biyu: Ni dai abin da zan ce, kada a ruɗe ka da ƙaramin dish. Wanda ya haɗa mana namu ya ce ai na santimita 60 ya isa. Da rana tsaf yake, amma hadari na haɗuwa hoto ya fara dabbare-dabbare, ruwa na sauka ya ɗauke gaba ɗaya. Abin da kebul bai taɓa yi mana ba ke nan.

Injiniya: Hajiya ta taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Yawancin dish na gida suna aiki ne a zangon Ku, tsakanin 10.7 da 12.75 GHz, kuma ɗigon ruwan sama yana shanye sigina a wannan zangon. Ba a magance shi gaba ɗaya, ana dai ƙara rara ne. Girman fuskar dish yana tafiya ne da faɗinsa sau faɗinsa: na santimita 90 ya ninka na 60 sau biyu da kwata wajen tattara sigina, na 120 ya ninka shi sau 4. Wannan rarar ita ruwa zai fara ci kafin ya taɓa hotonka. Shawarata, duk girman da taswira ta ba ka, ka ƙara mataki ɗaya a kai.

Sai dai babban dish yana da nasa hali. Ganinsa ya fi tsukewa, saitinsa ya fi wuya, iska kuma ta fi kama shi, don haka ƙarfen da zai riƙe shi ba na wasa ba ne. Akwai kuma zangon C, wajen 3.4 zuwa 4.2 GHz, wanda ruwa bai cika damu ba, amma yana son dish na mita 1.8 ko fiye da LNB nasa daban, kuma a wasu ƙasashe an ba 5G ɓangaren wannan zangon, suna shiga juna. In tashoshinka ba can suke ba, kada ka ɗora wa kanka.

Sabon Shiga: Na gode Injiniya. To wayar da ke bango fa? Ina ganin kawai in cire ta daga akwatin kamfani in ɗaura a dish, ta ci gaba da raba wa ɗakunan yadda take yi.

Mai Saitin Dish: Nan ne mutanen da suka baro kebul suke faɗawa rami. Kebul kamar bututun ruwa yake, duk inda ka raba ka sa famfo ruwa zai zo, saboda duk tashoshin suna cikin wayar a lokaci guda. Dish ba haka yake ba. LNB ɗin nan da ke gaban dish ba ya turo komai da komai. Risiba ce ke ba shi wuta ta cikin wayar, kuma da wutar take ba shi umarni: bolt 13 in tana son tashoshin V, masu sigina a tsaye, bolt 18 in tana son na H, masu sigina a kwance, sannan ta ƙara wani ɗan sauti na 22 kHz in tana son zangon sama. Kashi huɗu ke nan, kuma ɗaya kawai yake turowa a lokaci guda. In ka raba waya ɗaya wa risiba biyu, ta falo ta ce H, ta ɗaki ta ce V, dole ɗaya ta zauna da baƙin allo. Sai a yi ta zagin risiba alhali ba ta da laifi.

Maganinsa LNB mai baki biyu, kowane talabijin da wayarsa tun daga dish. In kana tunanin ƙara talabijin nan gaba, ko risiba mai ɗaukar shiri ɗaya kana kallon wani, sayi mai baki huɗu tun yanzu, bakin da ba a yi amfani da shi ba a toshe shi kada ruwa ya shiga. Ka kula wajen saye: Quad daban, Quattro daban. Quad shi ne naka. Quattro na manyan gidaje ne, ba ya aiki sai da akwatin rarrabawa.

Injiniya: Ƙari kan bayanin Oga. Siginar da ke saukowa daga LNB tana tsakanin 950 da 2150 MHz, ta kebul kuwa yawanci ƙasa da 1000 take. Shi ya sa ƙananan ƙarafan raba waya da kamfanin kebul ya bari a bango, in ka duba jikinsu za ka ga an rubuta 5 zuwa 1000 MHz, wasu ma ba sa barin wuta ta wuce. A cire su. Ita kanta wayar ka karanta rubutun jikinta. In RG6 ce kuma ba ta tsufa ba, za ta yi. In RG59 ce, siririyar nan, tana zubar da sigina a doguwar tafiya, gara a ja sabuwa. Wajen sayen sabuwa nemi mai zallar tagulla a tsakiya. Akwai ƙarfe da aka yi wa rufin tagulla, maganaɗisu yana kama shi, da haka ake gane shi.

In kuma jan waya ta biyu ba zai yiwu ba, misali an binne ta farko cikin siminti, akwai LNB na Unicable. Shi yana ba kowace risiba nata gurbi a cikin waya ɗaya. Tsohon tsarin yana ɗaukar har 8, sabon har 32. Sharaɗinsa duk risibun su san tsarin, abin rabawar kuma ya zama na satalayit mai barin wuta ta wuce.

Ɗan Ƙwallo: Ni fa da ni ne mota zan sa wa dish ɗin, injin nan mai juya shi. Dish ɗaya, LNB ɗaya, ka danna rimot ya juya duk tauraron da kake so. Da USALS ma, tsarin da ke saita motar, wurin da kake a taswira kawai za ka shigar, risiba ta yi lissafin da kanta.

Mai Saitin Dish: Ƙanena, wannan na gwauro ne mai talabijin ɗaya. Gida mai talabijin biyu, maigida ya juya dish zuwa labarai, zanen yara ya ɗauke a ɗaki, sai kuka. Kuma kowane canjin tauraro sai ka jira ya gama juyawa, ga shi in ƙarfen ya karkace ko kaɗan taurarin gefe duk sun ɓace. In tauraro biyu ko uku yake so, ya sa DiSEqC, ɗan akwatin da risiba ke zaɓar LNB da shi. Na 1.0 yana ɗaukar LNB 4, na 1.1 har 16. Taurarin da ke kusa da juna ana iya jera musu LNB a kan dish ɗaya babba, waɗanda suka yi nisa kowanne da dish ɗinsa. Talabijin biyu kuma DiSEqC biyu, kowace risiba da nata.

Ɗan Ƙwallo: Na yarda da maganar yara. Amma mai son yawo a sama har yanzu mota ce.

Kawu: Ku bar shi ya kama tauraro ɗaya tukuna.

Sabon Shiga: Kawu ya yi gaskiya, na fara ruɗewa. Yanzu dai a zo kan risibar.

Injiniya: Kafin ka sayi komai leƙa bayan talabijin ɗinka. In ka ga wurin ɗaura waya mai zare irin na noti, an rubuta DVB-S2 ko SAT, to akwai risiba a cikinsa. Wanda kebul ke shiga, DVB-C, ba zai karanta dish ba, haka akwatin kamfanin kebul. In za ka saya, ta zama DVB-S2, tana karanta tsarin hoto na H.264 da H.265, don tsohuwa mai DVB-S kaɗai ba za ta ma ga yawancin tashoshin HD ba, wadda ba ta san tsarin hoton ba kuma za ta kama sunan tashar ta kasa nuna ta, wani lokaci ka ji murya babu hoto. Ta kasance tana binciken tashoshi da kanta ba tare da an shigar mata da firikwensi ba, saboda tashoshi suna yawan ƙaura. Bakin USB don ɗaukar shiri. Suna bai dame ni ba kamar a ce masu ita suna fitar da sabuntawa. Lambar nan ta 0.1 dB da ake bugawa a kwalin LNB kuma kada ta ja ka, talla ta fi yawa a ciki.

Maman Biyu: Ka tambayi kanka tashoshin garinku ma. Da muka koma dish wasu daga cikinsu ba mu same su a sama ba, sai da muka ƙara eriya. Akwai risiba mai haɗe da duka biyun, rimot ɗaya.

Kawu: Abu biyu da ba na ƙarfe ba. In intanet ɗinka ta wannan wayar ta kebul yake shigowa, kada ka taɓa reshen da ke zuwa gare shi, kuma ka karanta yarjejeniyarka, don wasu kamfanonin in ka cire talabijin lissafin intanet yana canzawa, wasu kuma akwai tara in wa'adi bai cika ba. Akwatinsu in aro ne ka mayar ka karɓi shaida. Na biyu, in gidan haya ne nemi izinin mai gida kafin a huda bango. Kuma kada ka yanke kebul sai dish ya tsaya da ƙafarsa.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri Kawu. Zan iya saitawa da kaina ko sai na kira mai aikin?

Mai Saitin Dish: Ba don ina neman aiki ba, in sai an hau sama kira mai aikin. In ƙasa ne ko baranda za ka iya. Taurarin nan duk a saman ikwaita suke jere, nisan kilomita 35,786, don haka wanda ke arewa da ikwaita wajen kudu dish ɗinsa zai fuskanta, na kudu kuma wajen arewa. Shafin DishPointer zai ba ka kusurwa uku: juyawa gefe, ɗagawa sama, da murɗa LNB ɗin kansa, wadda ita mutane suka fi mantawa. Kada bango ko tanki ko bishiya su shiga tsakani. In kusurwar ɗagawa sama digiri 45 ce, abin da ya fi dish tsayi da mita 5 ya yi nisan fiye da mita 5. In digiri 30 ne, kusan mita 9. Dish mai siffar ƙwai mai hannu a ƙasa yana kallon sama fiye da yadda ido ke gani da digiri 20 da 'yan kai, kada ka ga kamar bango yake kallo ka ɗaga shi.

Ƙarfen ya tsaya cak a miƙe. A risiba sa LNB a kan 9750 da 10600. Layi biyu za ka gani a allo, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfin yana tashi ko da sama kawai kake kallo, na ingancin shi ne shaidar ka kama tauraron. Ka matsa kaɗan, ka tsaya, ka ba risiba 'yan daƙiƙu, sannan ka sake matsawa. Kashe risiba daga soket kafin ka ɗaura ko ka kwance waya, kuma ko silin waya ɗaya na ragar waje kada ya taɓa ta tsakiya. Mahaɗin waje a naɗe shi da tef mai hana ruwa, wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Haɗa ƙarfen da wayar ƙasa saboda tsawa, wannan bar wa mai aikin lantarki.

Maman Biyu: Malam Mai Saiti, ni ma in yi tawa. Namu da ruwa ke ɗaukewa, LNB zan canza ko dish ɗin?

Mai Saitin Dish: Hajiya, kada ki sayi komai tukuna. Ranar da sama take wasai ki duba layin inganci. In ƙasa yake, to saiti ne ya goce ko ruwa ya shiga mahaɗi ya yi tsatsa, a sake saitawa a yanke kan wayar a sa sabo. In a sama yake amma ruwa na zuwa ya faɗi, dish ɗin ne ya yi ƙarami, a koma na 90. In kuma kin ga ya ɗauke 'yan mintuna da rana tsaka babu ko gajimare, wajen Maris ko Satumba, rana ce ta tsaya daidai bayan tauraron, kwana kaɗan yake yi ya wuce, kada ki bari a taɓa miki dish.