Akwai tallafin gwamnati ga manomin da ya bar bakin rafi bai noma ba?

Ɗan Dilimi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni, ina roƙon masu sani su taimaka.

Noman rani nake yi a bakin rafin Dilimi a Jos, can ƙasa da Farin Gada, a lambun da mahaifinmu ya bar mana. Kabeji ne da karas da latas da koren tattasai, sai tumatir in an samu iri mai kyau. Abin da ya hana ni barci shi ne gaɓar rafin. Kowace damina sai ruwa ya gutsuri wani abu ya tafi da shi. Akwai gwaibar da Baba ya dasa da hannunsa, wadda muke rataya tiyo a jikinta. Da muna yara sai ka yi 'yar tafiya daga gindinta kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. Bana saiwoyinta duk a waje suke, suna lilo a kan rami. Tun ambaliyar 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, rafin nan bai koma yadda muka san shi ba. Ya buɗe, ya cika da yashi, ga leda da robobin cikin gari.

Kowa a layinmu har bakin ruwa yake kai fartanya, don nan ne ƙasa ta fi danshi, nan ne kuma inji ba ya shan fetur da yawa. Mun san in aka bar ciyawa ta kama gaɓar za ta riƙe ƙasa. Amma wannan 'yar tsirin ita ce fangali uku ko huɗu na kabeji, kuma daga nan kuɗin makarantar yara ke fita. Ga tsuntsaye ma sun ƙaurace. A da da asuba sai ka ji kukan kirinjijiya, ka ga zalɓe tsaye a ruwa. Yanzu sai balbela kawai, kuma wallahi abin yana taɓa ni, don 'ya'yana ba su san waɗancan ba.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Jos ya ce a Amurka gwamnati na biyan manomi kuɗi duk shekara don ya bar irin wannan wuri ya huta. Gaskiya ne? In gaskiya ne, mu nan Najeriya akwai makamancinsa? Ta wace ƙofa ake shiga?

Mai Kabeji:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin masu ilimi su zo, ga tawa guda ɗaya: kada ka ba kowa ko sisi da sunan kuɗin fom. Wasu sun taɓa zagayo mu a lambu da takardu masu hatimi, suka karɓi kuɗi da hoto da lambar waya, wai za a raba injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Har yau ko ƙurarsu. Wani dattijo a cikinmu sai da ya sayar da akuya ya biya. Duk wanda ya zo, ka ce ya kai ka ofis da ƙafarka.

Injiniya Kubwa:

Malam Ɗan Dilimi, ƙanenka bai yi ƙarya ba. Shirin da yake nufi ana kiransa CRP, an kafa shi a dokar noma ta Amurka ta 1985. Manomi yana sa hannu da ma'aikatar gona na shekara 10 zuwa 15 cewa ba zai noma wani yanki na gonarsa da ruwa ko iska ke cinyewa ba. Zai shuka ciyawa ko itatuwa a wurin, gwamnati ta biya shi kuɗin haya duk shekara, ta kuma ɗauki har rabin kuɗin shukar. Tsirin bakin rafi irin naka yana cikin abin da suka fi so, don shi ke tare ƙasa da taki kada su gangara cikin ruwa. Na dausayi kuma daban yake: a 1990 suka fito da wani shiri inda gwamnati ke biyan mai fili ya mayar da fadamar da aka busar yadda take, na shekara 30 ko na har abada, fili na nan a hannunsa amma ba zai sake busar da shi ba. A 2014 aka haɗe shi cikin wani babban shiri mai suna ACEP. Tun 1934 ma duk baligin da zai yi farautar agwagwan ruwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, kuma kusan dukkan kuɗin wajen saye da kare dausayi yake tafiya.

Su ma sai da suka ji jiki. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura suka kwashe ƙasar noma a tsakiyar ƙasarsu, dubban iyalai suka yi hijira, daga nan aka kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935. Sannan a 1985 hatsi ya yi musu yawa har farashi ya faɗi, saboda haka rage noma ya zo musu daidai. Mu kuwa abincin ne bai ishe mu ba. Kuma can kowace gona an auna ta, an san mai ita a takarda, shi ya sa ake iya tura wa mutum ɗaya kuɗi.

A nan gida kuɗin yana zuwa ne ta hanyar aiki da ƙungiya, ba haya a aljihun mutum ɗaya ba. Ka tuna shirin Fadama, wanda aka fara tun farkon shekarun 1990 da rancen Bankin Duniya, aka yi na ɗaya da na biyu da na uku? Ƙungiya-ƙungiya aka riƙa bai wa manoma injin ban ruwa da rijiyar burtsatse. Bayansa aka yi NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Filato ta shiga. Wanda ke ci yanzu shi ne ACReSAL. Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, dala miliyan 700, na jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Ma'aikatun muhalli da gona da albarkatun ruwa ne ke tafiyar da shi tare, kowace jiha da ofishinta. A ciki akwai gyaran kwazazzabai da magudanan ruwa, dashen itatuwa, kula da dausayi, da kuma asusun rance mai juyawa na ƙungiyoyin manoma. A ganina wannan ce ƙofarku.

Kada ka ɓata lokaci kan shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato na dashen itatuwa don tare hamada. Hukumarsa ta 2015 jihohi 11 na bakin hamada take aiki, Filato ba ta ciki. Asusun kula da muhalli na tarayya kuma, wanda ake cira daga kason arzikin ƙasa tun 1981, gwamnatoci ake bai wa, sai dai ku matsa wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku su sa rafin Dilimi a cikin buƙatunsu.

Batun namun daji, kuɗinsa yawanci gandun gwamnati yake tafiya. Misali Pandam da ke kudancin Filato, mai tafkin da ke da dorina da ayu, yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a ɗaga su zuwa gandun daji na ƙasa. Ni dai ra'ayina, tsuntsu da dabba ba su san iyakar gandu ba. In ba a kula da gonakin da ke tsakani ba, gandun kaɗai ba zai riƙe su ba, kuma nan ne ya kamata mu ɗauki darasin Amurka.

Baban Nguru:

Ɗana, ni ɗan Nguru ne, kasuwancin busasshen kifi ya zaunar da ni Jos. Da na ga ka ce Dilimi sai na ce dole in sa baki. Ka san ruwan da ke wucewa ta gindin gwaibarka inda yake zuwa? Yana gangarawa ƙasar Bauchi ya shiga kogin Bunga, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗejia, su tafi Gashuwa har Tafkin Chadi. Wato ƙasar da ruwa ke ɗiba a lambunka, wajenmu take nufa.

Da muna samari, in ruwa ya cika fadamar Haɗejia da Nguru, gona ɗaya sau uku take ciyar da mutane. A yi shinkafa da kamun kifi lokacin cika, ruwa ya ja a shuka wake da kankana a danshi, a kwashe kuma Fulani su shigo da shanu su bar taki. Tsuntsaye kuwa daga Turai suke zuwa lokacin sanyi, har su rufe ido. Sai aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992. Ruwan ya daina zuwa ya tafi a lokacinsa, wasu wurare suka bushe, wasu kuma ruwa ya kwanta shekara duka. Inda ya kwanta sai kachala ta fito. Ciyawa ce ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyar kwalekwale, ta cinye gonaki, jan baki kuma suka samu wurin kwana suna tashi da safe su wawushe shinkafa. Na ga magidanta tsundum a ruwa har ƙirji, da lauje a hannu, suna gayyar yankan kachala daga hantsi har la'asar, matsattsaku na manne musu a ƙafa.

An sa tafkin Nguru a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Suna ne mai kyau, ayyuka ma sun zo an yi yashe da manyan injuna. Amma inda mutanen gari ba su da tsarin ci gaba da aikin, kachala takan dawo. Don haka ka nemi tallafin, hakkinka ne, amma ku fara haɗa kanku.

Ɗan Dilimi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa ruwanmu har Gashuwa yake kaiwa ba. Injiniya, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

To ga inda gizo ke saƙa. Namu lambun gado ne, amma yawancin maƙwabtana haya suke yi, shekara-shekara. Mai haya ba shi da ikon dasa bishiya, don mai fili zai ga kamar ana shirin mallake masa wuri ne, kuma kun san yadda maganar fili take da zafi a garin nan. Shi mai hayan ma, ta yaya za ka ce ya bar fangali huɗu da ya riga ya biya kuɗinsu, alhali baɗi wataƙila ba shi ne a wurin ba? In ni kaɗai na gyara gaɓata, na sama da ni bai gyara ba, ruwa zai zagayo ta baya ya ci ni. Yaya ake yi da wannan?

Hajiya Mai Dankali:

Ƙanena, mu mata mun bi wannan hanya a ƙungiyarmu ta masu noman dankalin Turawa, bari in gaya maka yadda muka yi.

Da farko mun yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin gwamnati, muka buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku ke sa hannu. Muna da littafin zama da na adashe. Duk jami'in da ya zo, waɗannan yake fara tambaya kafin ya dubi gona. Kuma ku sani tun yanzu, asusun mai juyawa rance ne. In an ba ku za ku biya don na bayanku su samu. Ku faɗa wa 'yan ƙungiya wannan ƙarara tun ranar farko.

Maganar masu fili, kada ku yi ƙungiya ku bar su a waje. Ku je wurinsu da kanku, tare da mai unguwa, ku nuna musu cewa filinsu ne ke tafiya a ruwa. Mai haya zai iya komawa wani wuri, mai fili ne zai tashi da rami. Mu da muka zauna da namu, sun yarda a cire tsirin bakin ruwa daga lissafin haya, aka rubuta, kowa ya sa hannu.

Sannan ba sai bishiya ba. Ku fara da jema. Ciyawa ce, babu mai cewa ka dasa ta don ka ci fili. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, ba ta yaɗuwa cikin fangali, in ta girma a yanka a yi zana ko jinka. Ana tsaga gindinta a dasa a jere kusa da kusa, tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba, da farkon damina kafin ruwa ya yi ƙarfi. Layi biyu muka yi, muka sa yara suna korar awaki har ta kama. In masu fili suna son itatuwa daga baya, su dasa da hannunsu, ya zama nasu.

Injiniya Kubwa:

Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Idan za ku je ofishin ACReSAL na jiha, ku tafi da takardar koke da sa hannun mai unguwa, da sunayen manoma da masu fili, da hotunan gaɓar. Ku ɗauki hoton daga wuri ɗaya yanzu da kuma bayan damina, gwaibar nan ta zama alama. Ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ku riƙa komawa kuna tuni, don irin waɗannan ayyuka wa'adi gare su. Ƙanenka kuma ya leƙa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum a Laminga, tana tare da jami'arsu. Sun san tsuntsayen Filato sosai, za su iya gaya muku irin shukar da ke jawo su bakin ruwa.

Ɗan Dilimi:

Na gode Yaya Hajiya, Allah ya bar zumunci. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muna da zama da mutanen layinmu, zan karanta musu duk abin da kuka rubuta. Akwai wani dattijo cikin masu filin da suka yi zaman mutunci da Babanmu, da shi zan fara. Hajiya, don Allah in akwai sauran gindin jema a wajenku ki sanar da ni, zan zo da buhu in ɗiba kafin ruwan farko ya sauka.