Bulon jar ƙasa na inji, wa ya taɓa gini da shi?

Baban_Khalifa:
Slm 'yan uwa. Ina da ɗan fuloti a bayan gari, shekara uku kenan ina tara kuɗin bulo, duk sanda na ce na kusa sai siminti ya ƙara tashi. To jiya wani abokina ya nuna min bulon da ake matsewa da inji, jar ƙasa ce zalla da ɗan siminti kaɗan, ba a gasawa, wlh ya min kyau kamar jan bulo. Kuma ƙasar fulotin nawa ja ce, da muka haƙa masai na gani. Matsalar dai Hajiyarmu da ta ji ta ce wai ina ma'aikaci zan koma gidan ƙasa, me mutane za su ce. Tambayata, yana jure damina? Gara fa?

Injiniya_MK:
Wslm Baban Khalifa. Ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1950 aka ƙera injin hannu na CINVA-Ram a Kolombiya, a nan ma NBRRI, wato cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Najeriya, sun ƙera nasu, akwai kuma injin kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu mai yin wanda ke shiga cikin juna ba sai an sa kwaɓi tsakani ba. Bambancinsa da tubalin kakanninmu matsewar ce, inji na danne ƙasar har ramukan iskar da ke ciki su toshe, sai a ƙara siminti kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda ruwa.

Amma kar jan ƙasar ya ruɗe ka, ba kowace ja ke yi ba. Kwashe ta sama mai saiwoyi da taki ka zubar gefe, ka ɗebo ta ƙasa, ka zuba a kwalba kamar sulusinta, cika da ruwa, girgiza sosai ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. In lakar ta yi yawa bulon zai tsattsage in ya bushe, sai ka haɗa da yashi, in kuma yashin ne ya rinjaya zai riƙa marmashewa a hannu. Sai a tankaɗe da rariya, a yayyafa ruwa kaɗan, ba kwaɓa irin ta tubali ba, danshi kawai, yadda in ka dunƙule a hannu zai kama amma bai jiƙa maka tafi ba. Bayan an buga a lulluɓe da leda a inuwa ana ba shi ruwa, kar a hau gini sai ya yi kwana 28. Nan ne mutanenmu ke kasa haƙuri. Gara kuwa itace da ciyawa take bi, wannan babu ramno a ciki, ka dai kula da katakon rufi.

Maman_Iman:
Hmm, ni dai na gani da idona. Yayana ya yi katanga da shi, mai aikin ya rage siminti kuma kwana biyar da bugawa aka hau gini saboda ana sauri kafin ruwa ya sauka. Damina biyu gindin katangar ya zaizaye kamar ɓera ya ci, da yatsa kana kankaro shi. Ƙarshe filasta aka bi aka yi, kuɗin da ake gudu sai da aka kashe. Sannan ku faɗi gsky, ranar da za ka sayar da gidan dillali cewa zai yi ginin ƙasa ne, ya karya maka farashi.

Injiniya_MK:
Hajiya wannan ai mai aikin ne ya cuce ku. Ruwan da ke fantsalowa daga ƙasa shi ke cin gindin bango, shi ya sa fandisho da layi biyu ko uku na farko ake yinsu da dutse ko bulon siminti, sannan kwanon rufi ya leƙo waje sosai. Katanga kuwa ba ta da rufi, dole a yi mata hula ta siminti a sama. Maganar dillali kam kin fi ni gaskiya.

Dan_Tawa:
Baban Khalifa ka nuna wa Hajiya hoton masallacin Dandaji a nan jihar Tawa. An gama shi 2018, Mariam Issoufou 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zana, da irin bulon nan aka gina, tsohon masallacin ƙasar kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. A Yamai ma akwai gidajen Niamey 2000, masu bene ne ma. Haka Francis Kéré, mai zanen gine-gine na Burkina, makarantar ƙauyensu Gando da ya gina 2001 da ƙasa ita ta fito da shi, har ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Mu abin da ya fi jan hankalinmu sanyin ɗaki ne, a watan Afrilu ɗakin bulon siminti da kwano sai ka kwashi tabarma ka fito tsakar gida, shi kuwa bangon ƙasa mai kauri sai ya riƙe zafin rana bai sako shi ciki da wuri ba. Kuma ba a sare itace a gasa shi, mu da hamada ke bin mu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Birkila_Tsoho:
Shekara talatin ina ɗora bulo. Abin yana da kyau amma ƙanana ne, inda zan sa bulon siminti mai inci tara guda ɗaya sai na sa wajen uku, don haka kuɗin aiki zai ƙaru, ka sa a lissafi. Kuma in ba filasta za a yi ba duk karkacewa a fili take, nemi wanda ya taɓa yi, ka je ka ga ginin nasa bayan ya sha damina. In ƙasar sai tifa ta kawo maka daga nesa ribar ta tafi.

Baban_Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin kwalbar, yashin ya ɗan haura rabi. Na yanke shawara zan fara da ɗakin mai gadi tukuna, in ya wuce watan Agusta lafiya sai na kawo Hajiya ta shiga da azahar ta ji da kanta. Injiniya, injin hannun haya ake bayarwa ko sai na sa makeri ya haɗa min?